Sa Faffaɗar Taya a Kan Rim ɗin Kamfani: A Fara Duba Ƙarfen Kafin a Sayi Robar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin masu motoci a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato cire tayar da mota ta zo da ita a sa wadda ta fi ta faɗi, alhali rim ɗin da kamfani ya ɗaura yana nan yadda yake. Masu yin haka suna cewa motar ta fi kyan gani idan taya ta cika ramin madigadi, kuma faffaɗar taya ta fi kama ƙasa. Ba na cikin masu cewa kada a yi sam. Abin da nake so a gane shi ne, faɗin rim ne yake yanke hukuncin tayar da za ta zauna a kansa, ba sha'awar mai mota ko abin da mai sayarwa yake da shi a ajiye ba.

Duk wanda ya kwance ƙafar motarsa ya juya bayanta zai ga an buga wasu lambobi a jikin ƙarfen, misali 6Jx15 ET45. Lamba 6 ita ce faɗin rim daga leɓe zuwa leɓe ta ciki, inci 6, wato kimanin milimita 152. Harafin J yana nuna siffar leɓen, 15 girman rim ne da inci, shi kuwa ET45 yana nuna cewa fuskar da take haɗuwa da aksil ta goce daga tsakiyar rim da milimita 45. A gefen taya kuma akwai nata rubutun, misali 195/65 R15 91H. Mutane da yawa suna zaton 195 faɗin zanen da yake taka kwalta ne, amma ba haka ba ne. Faɗin tayar ne daga kumburin gefe zuwa kumburin gefe, kuma an auna shi ne bayan an ɗaura ta a kan rim mai wani ƙayyadadden faɗi an ba ta iska. Idan rim ya canza, faɗin ma zai canza, domin kowane rabin inci da aka rage a faɗin rim yana rage kusan milimita 5 daga faɗin tayar.

Ba a bar wannan lamari a hannun kintace ba. Ƙungiyoyin da suke tsara ma'aunin taya da rim, irin su ETRTO a Turai da TRA a Amurka da JATMA a Japan, sun ƙayyade wa kowace taya mafi ƙanƙantar rim da mafi faɗin rim da aka yarda ta hau, kuma kamfanonin taya suna buga wannan a jadawalin kayansu. Taya mai lamba 195/65 R15 tana hawa rim daga inci 5.5 zuwa 7. Mai lamba 205/60 R15 tana hawa daga 5.5 zuwa 7.5, mai lamba 225/60 R15 kuwa daga 6 zuwa 8. Ke nan mai rim ɗin inci 6 yana da ɗan sarari: 205 za ta zauna daram, 225 tana bakin iyaka, 235/60 kuwa ta wuce gona da iri, domin ita tana buƙatar aƙalla inci 6.5. Gwargwadon gajartar gefen taya, gwargwadon tsananin wannan ƙa'ida, saboda gajeren gefe ba shi da tsawon da zai lanƙwasa ya shanye bambancin. Shi ya sa 225/45 R17, mai gajeren gefe, ba ta hawa rim ɗin da bai kai inci 7 ba, duk da cewa faɗinta ɗaya ne da 225/60 a rubuce.

Mai faci zai iya matsa kusan kowace taya ta hau, ta riƙe iska, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Hawan ba shi ne hujja ba. Idan aka tsuguna a gaban tayar da aka matse a kan siririn rim, za a ga bakinta ya shige ciki, gefenta ya bunƙuro waje, fuskar zanen kuma ta yi tozo maimakon ta kwanta a shimfiɗe. Tsakiyar zanen ce take ɗaukar nauyi tana cinyewa, kafaɗun biyu suna ɗage, don haka faɗin da aka kashe kuɗi a kansa bai ma isa ƙasa ba. A kwana kuma, rim yana yawo a cikin tayar kamar ƙaramar ƙafa a cikin babban takalmi: direba ya murɗa sitiyari, ƙarfe ya juya, sai bayan wani ɗan lokaci roba ta biyo. Wannan ɗan jinkirin ba ya damun mai tafiya a hankali, amma shi ne yake hana mota bin umarni a daidai lokacin da aka kauce wa rami ko dabba da gudu. Mafi muni shi ne maganin da wasu suke yi idan sun ga tsakiyar tana cinyewa, wato su rage iska domin zanen ya kwanta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana yawan lanƙwasa, lanƙwasa tana haifar da zafi, zafi kuma yana raba roba da wayoyin da suke cikinta, har ta fashe a kan doguwar hanya.

Game da kama ƙasa, akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Girman wurin da taya take taɓa ƙasa ya fi dogara ga nauyin da ke kanta da ƙarfin iskar da ke cikinta. Idan nauyi da iska ba su canza ba, ƙara faɗi ya fi canza siffar wurin fiye da girmansa: ya ƙara faɗi, ya rage tsawo. A busasshiyar kwalta wannan siffa tana taimakawa wajen shan kwana, matuƙar rim ya riƙe tayar da kyau. A kan ruwan da ya kwanta a titi kuwa lamarin yana juyawa, domin faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta kore daga gabanta, kuma takan fi saurin tashi ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau, birki ya daina ji. Ga kuma ƙarin shan mai da ƙarar taya da nauyin sitiyari, da yadda motar take bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi wa kwalta.

Wani kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙara lambar farko a bar ta biyu. Lamba 65 ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen taya kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Saboda haka 195/65 R15 tana da tsayin kimanin milimita 635 gaba ɗaya, amma 205/65 R15 ta kai 648. Bambancin ya kai kashi 2 cikin 100, wanda ke nufin agogon gudu da na lissafin kilomita za su riƙa nuna ƙasa da yadda suke nunawa a da, motar kuma za ta ɗan yi nauyi wajen tashi. Wanda yake son ƙara faɗi ba tare da ɓata tsayi ba sai ya sauke lamba ta biyu: 205/60 R15 tana da kimanin milimita 627, 215/60 R15 kuma 639, duk suna kusa da na asali. A nan ma akwai tarko. Mai lamba 205/55 R15 ta fi ta asali faɗi, amma tsayinta bai wuce 607 ba, kuma galibi lambar lodinta 88 ce, wato kilo 560, alhali 91 ɗin da motar ta zo da ita tana ɗaukar kilo 615. Ga taya ta fi faɗi a ido, amma kowace ƙafa ta yi asarar kilo 55 na abin da za ta iya ɗauka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga motar da take cika da mutane da kaya. Haka nan harafin ƙarshe, wanda yake nuna iyakar gudun da tayar za ta jure: H yana nufin kilomita 210 a sa'a, T kuma 190, kuma bai kamata a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta ba.

Shawarata ga mai niyyar canji ita ce ya fara karanta takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a cikin murfin tanki, domin sau da yawa kamfani ya riga ya rubuta girman taya fiye da ɗaya da motar take karɓa, tare da iskar kowanne. Idan zai fita daga wannan, kada ya wuce mataki ɗaya, milimita 10, sai in zai sayi rim mai faɗi. Kada a haɗa taya biyu masu girma daban a kan aksil ɗaya, a motar da ƙafafunta huɗu suke ja kuwa dole duka huɗun su zama iri ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfi ce za ta ji jiki. Kuma kafin a biya kuɗin sauran, a ɗaura guda ɗaya a gaba, a sauke motar daga jak, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu tsakanin tayar da shokazoba, a duba tiyon birki da robar cikin madigadi. Bayan an yi tafiya da lodi a sake haskawa da tocila: duk inda aka ga ƙarfe ya yi sheƙi ko roba ta goge, to taya tana taɓawa, kuma wannan girman bai dace da motar ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku