Wasiƙa Zuwa ga Aminina a kan Batirin Waya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a kan wayarka da ba ta riƙe caji. Ka ce kullum kana share manhajojin da ka buɗe ɗaya bayan ɗaya, wato kana rufe su gaba ɗaya, har abin ya zame maka jiki, amma duk da haka kafin la'asar batirin ya yi ƙasa. Ni ma na daɗe ina yin haka, kuma a nan Kano, inda wuta ba ta zama kuma mutane da yawa sai sun kai waya wurin mai caji sun biya, kusan kowa ya ɗauki wannan sharewa a matsayin tattali. Ina roƙonka ka daina, domin a mafi yawan lokuta ba ta ƙara maka komai, wani lokacin ma rage maka take yi.

Manhajojin da kake gani a jere idan ka danna alamar da ke nuna waɗanda ka buɗe kwanan nan ba aiki suke yi ba. Da zarar ka fita daga manhaja, wayar takan dakatar da ita ta ajiye ta a ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, kuma zamanta a can ba ya cin wutar a zo a gani. Ka dubi mai shayi da ya rufe garwashinsa da toka tsakanin mai saye da mai saye: idan wani ya zo, ɗan fifita kawai zai yi. Wanda kuwa ya kashe wutar gaba ɗaya, dole ya sake hura ta daga farko, ya ƙona gawayi fiye da na ɗan uwansa. Idan ka share WhatsApp sannan ka sake buɗe ta bayan minti biyar, wayar za ta ɗauko ta daga tushe, ta loda komai sabo, ta sake haɗa ta da intanet, kuma duk wannan daga batirinka yake fita.

Masu ƙera wayoyin da kansu sun faɗi haka. A shekarar 2016 wani mai amfani da iPhone ya aika wa kamfanin Apple tambaya ko rufe manhajoji yana taimaka wa batir, sai Craig Federighi, shugaban sashen manhajojin kamfanin, ya amsa masa cewa a'a. A shekarar 2016 ɗin dai Hiroshi Lockheimer na Google ya ce a Android yin hakan yana iya ɗan ƙara ɓata lamarin. Tun 2015 Android ta zo da tsarin Doze, wanda ke takaita aikin manhajoji idan an ajiye waya ba a taɓa ta ba, a 2018 kuma aka ƙara wani tsari da ke lura da manhajojin da ba ka cika buɗewa ba ya rage musu wuta. Tecno da Infinix da Itel ɗin da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre mafi yawansu a kan Android suke, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Akwai inda rufewa take da amfani. Manhajar taswira da ke bin inda kake, ko wadda ke kunna karatu ko waƙa, ko wadda ke sauke babban bidiyo, waɗannan da gaske aiki suke yi ko ba ka kallonsu. Haka ma wadda ta maƙale ta sa wayar ɗaukar zafi ba dalili. Irin waɗannan ka rufe su.

Abin da na fi zargi a wayarka shi ne hasken fuskarta, domin yana cikin manyan masu shan caji, sai kuma raunin sabis, tunda ka ce a unguwarku sai an fita tsakar gida ake samun kira. Idan sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, batir kuma ya riƙa zuba. Sai zafi, wanda shi ne ya fi damuna, saboda lahanin da yake yi wa batir ba ya gyaruwa. Apple ta ce wayoyinta sun fi dacewa da yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali mu nan a watan Afrilu zafi yakan kai 40. Kada ka bar ta a cikin mota da rana, kuma kada ka sa ta ƙarƙashin matashin kai tana caji.

Ka shiga saitin wayar, wurin da aka rubuta batir, za ka ga jerin manhajojin da suka fi cin wuta. Ka rage hasken, ka hana waɗanda ba ka buƙata yin aiki a ɓoye, ka bar sauran yadda suke har mako guda, sannan ka rubuto mini abin da ka gani tare da shekarun wayar, domin idan ta haura shekara uku mai yiwuwa batirin ne ya gaji, sai an canza shi.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Wassalam.

Naka,
Amininka daga Kano