A kawo mana ɗakin gwajin abinci kusa da Dawanau

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai sana'ar yaji da ƙuli-ƙuli da busasshen zoɓorodo ce a Kano, mata shida ke aiki tare da ni. Bara wata 'yar uwa mai shago a Ingila ta nemi in riƙa aika mata kaya. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ina da ita, lambar NAFDAC na samu, na kuma yi rajistar masu fitar da kaya a NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje. Na ɗauka an gama. Sai ta ce sai da takardar gwaji mai nuna babu gubar afalatoksin a gyaɗar, wato gubar da fumfuna ke bari idan gyaɗa ba ta bushe sosai ba. Da na lissafa kuɗin aika samfuri can nesa inda za a gwada, ya kusa cinye ribar kayan. Gwiwata ta yi sanyi, cinikin ya wuce ni.

Ban ga laifin Turawan ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda fiya-fiyar da ake zubawa a buhu don kashe ƙwari. Mu ma a gida wa zai so a ba 'ya'yansa irin wannan waken?

Abin da nake roƙon gwamnati shi ne ta sa kuɗin tallafa wa masu sana'a irinmu inda ciwon yake. Bita a otal ta yi yawa, an ba mu jaka da biro mun dawo gida yadda muka tafi. A gina ɗakin gwajin da ƙasashen waje za su yarda da takardarsa kusa da kasuwar Dawanau, a sassauta wa ƙanana kuɗin. A kai wa manoman gyaɗa Aflasafe, maganin da ake watsawa a shuka don rage gubar afalatoksin, tun daga gona, a wadata masu ajiye wake da buhu mai ruɓi uku wanda ba ya buƙatar magani.

Sannan ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawachiki a 2023, inda ake loda kwantenar kayan da za a fitar waje. Irina ba ta iya cika kwantena ita kaɗai ko ta shekara tana daka. Amma idan aka haɗa mu goma ko ashirin, aka ba mu jami'i ɗaya mai bin takardun kwastan, kwantenar za ta cika, kowa ya biya daidai kayansa.

'Yar uwar tawa har yanzu tana kira tana tambaya ko an samu takardar.

Wassalam.

Wata mai sana'ar yaji, Kano