Kabarin Habre na Yoff, ina na mutanen Hamral-Goz?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku.

A fadojin Damagaram, daga Zango har Birni, in hirar shayi ta biyo ta kan Hissene Habre, tsohon shugaban Chadi, akan rufe ta da cewa mutum ya riga ya tafi, a bar shi da Mahaliccinsa. Hisabi kam na Allah ne. Amma akwai aikin da ya rage a hannun masu rai, shi ne maganar kaburburan waɗanda aka kashe a mulkinsa, irin na Hamral-Goz a wajen Njamena, kuma ita nake roƙon ku buɗe wa fili.

Habre ɗan Faya-Largeau ne, an haife shi a 1942. Ya ƙwace Njamena ranar 7 ga Yunin 1982, ya tsere ranar 1 ga Disamban 1990 da dakarun Idriss Deby suka tunkaro birnin. Ta Kamaru ya bi ya sauka Dakar, ya yi zamansa a unguwar Ouakam sama da shekara ashirin kafin a kama shi a 2013. Kotun musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Korona ta kashe shi ranar 24 ga Agustan 2021. An yi masa sutura da sallah, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Yoff, inda Ahmadu Ahidjo na Kamaru yake kwance tun 1989. Gwamnatin Chadi ta ce ba za ta hana a kawo gawar gida ba, amma babu karramawar hukuma, don haka ya tsaya can. Duk mai son ziyara ya san ƙofar da zai shiga.

Mutanensa kuwa kowa da inda ya ƙare. Deby, wanda ya taɓa riƙe masa rundunar soja, ya riga shi da wata huɗu kacal, an binne shi a Amdjarass. Hassan Djamous, kwamandan da ya kori sojan Libiya a 1987, ya mutu a hannun gwamnatin da ya yi wa yaƙi bayan ɓarakar Afrilun 1989. Yau sunansa ne a filin jirgin saman Njamena. Saleh Younous, shugaban farko na hukumar ƴan sandan ciki da ake kira DDS, da Mahamat Djibrine mai laƙabin El-Djonto, kotun Njamena ce ta ɗaure su rai da rai ranar 25 ga Maris 2015, cikin mutum 20 da ta samu da laifi. Chadi ta ƙi miƙa su Dakar, shi ya sa Habre ya tsaya gaban alƙalai shi kaɗai.

To, sai waɗanda suka shiga hannun DDS. Kwamitin binciken Chadi na 1992 ya ƙiyasta mamata 40,000. Takardun hukumar da aka tsinto a 2001 a zube cikin ƙura a tsohon ofishinta sun ƙunshi sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Wasu a kurkukun "Piscine" suka cika, tsohon wurin wankan Turawa da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ana loda gawarwaki a mota a kai Hamral-Goz, bayan gari, fursunoni ƴan uwansu su haƙa rami su zuba. Clement Abaifouta, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar waɗanda aka zalunta, shekara huɗu ya yi a tsare, kuma wannan aikin aka sa shi. Babu wanka, babu likkafani, babu mai tsayawa ya duba gabas.

Wannan na ƙarshen shi ne abu na farko da masana tonon kaburbura suke dubawa. Kabarin Musulmi sananne ne: mutum ɗaya, a kan gefen dama, fuska ga alƙibla, an jera itace ko fasassun tukwane a kansa. In aka tarar da ƙasusuwa a gicciye, wani rub da ciki, wani da igiya a tsintsiyar hannu, ga kwanson harsashi, an san ba jana'iza aka yi ba. Haka masanan Ajantina da kotun Dakar ta ɗauko suka yi aiki a gonar Deli kusa da Moundou, inda sojojin Habre suka kashe mutane da yawa a Satumban 1984.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Ana fara da shaidu, kowa a kai shi wurin daban ya nuna, don kada bakinsu ya gauraya. Sai a killace filin, a yanka ƴan ramukan gwaji. Ƙasar da aka taɓa tonawa ta fi laushi kuma launinta a cakuɗe yake, ko bayan shekara talatin. Da an kusa ƙashi sai a ajiye shebur a koma ga cokalin magina da buroshi. Kowace gawa a ba ta lamba, a ɗauki hotonta yadda take kwance kafin a ɗaga ko yatsa, a tankaɗe ƙasar da rariya saboda haƙora da maɓallan riga da layu. Ƙashin ƙugu ke nuna mace ko namiji, haƙora da ƙashin cinya su ba da ƙiyasin shekaru da tsawo. Suna kuwa sai an ciri ƙwayar halitta daga turmin haƙori ko ƙashin cinya an gwada da jini ko yawun dangi, kuma na uwa da ƴaƴa da ƴan uwa ciki ɗaya ya fi amfani.

Inda ake ɓata aikin shi ne a sa motar haƙa, ko dangi su tona da kansu don zumuɗi. Ƙasusuwan mutum biyar su gauraye, ba mai iya raba su kuma, shaidar kotu ta lalace. Zafi da ruwan damina irin na yankinmu suna cinye ƙwayar halittar da ke cikin ƙashi, don haka duk shekarar da ta wuce an yi asara. Iyayen da za a gwada da su suna ƙarewa. Ga Njamena tana faɗaɗa, gine-gine sun ci cikin Hamral-Goz, kuma filin da aka zuba wa harsashin gini da wuya a sake buɗe shi.

Hukuncin 2015 ya umarci gwamnatin Chadi ta gina wurin tunawa da mamatan, ta mayar da ofishin DDS gidan tarihi. Kotun Dakar ta ƙayyade diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Sai a 2024 Chadi ta fara raba biliyan 10 ga mutum sama da dubu goma, abin da bai kai miliyan ɗaya ga kowane mutum ba. A ganina kuɗin ma ba su kai killace filin nan gaggawa ba, don kuɗi ana iya biya baɗi.

Roƙona, Edita, ku tura wakilinku na Njamena ya je Hamral-Goz ya gaya mana nawa ya rage na filin da ba a gina ba, kuma ku gayyato malami ya yi bayanin hukuncin tone gawar da ba a yi wa sutura ba don a sake binne ta. Akwai iyalai masu dangi a Chadi daga nan har Gure da Ngigmi da za su saurara.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Birni, Damagaram