Godiya ga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu kan kula da tsofaffi

Assalamu alaikum.

Mun rubuto ne don yaba muku a bainar jama'a kan yadda kuke duba iyayenmu da kakanninmu. Abin da ya fi burge mu shi ne kati ɗaya da ke bin tsoho daga teburin nas zuwa wurin likita, zuwa ɗakin magani, har gida. Kowa na karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta kafin ya ƙara nasa.

Nas ba ta gwada hawan jini da isowar mutum. Sai ya zauna ya huta minti 5, hannu a jingine daidai ƙirji. Idan an samu 140/90 ko fiye, ana maimaitawa wata rana kafin a yanke hukunci. Sannan a sake gwadawa bayan ya miƙe tsaye, domin idan lambar sama ta sauka da 20, jiri na iya kayar da shi a hanyar banɗaki da dare, ƙashin ƙugu ya karye.

Godiya ta musamman ga mai ba da magani, wanda ya dage kowane tsoho ya zo da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. A nan ake gano ɓarna. Dattijuwa mai ciwon gwiwa tana shan diclofenac kullum, ba ta san yana ƙara hawan jini, yana cutar da ƙoda, yana kuma jawo gyambon ciki ba. Wani yana shan magani guda sau biyu saboda kwalayen sun bambanta da suna. Mai ciwon suga da ke kan glibenclamide kuwa, idan ya ɗauki azumi ba a gyara masa shan maganin ba, sugansa kan faɗi, ya yi ta gumi da kyarma, har ya ruɗe. Da yawa a gida sai su ce ruɗin tsufa ne, alhali ba shi ba ne. Shi ya sa muka ji daɗin yadda likita ke kiran waɗannan tun a watan Sha'aban.

Mai gashin ƙashi yana sa tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko ya wuce, ana koya masa motsa jiki, a daidaita masa tsawon sanda.

Jami'an lafiya masu shiga gida gida su ke ɗauke da aikin da ba a gani. Suna koya wa masu jinya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi, suna duba tafin ƙafar mai suga da tsakanin yatsu, suna kuma tura mai yanar ido asibitin ido.

Roƙonmu ɗaya: a ƙara benci mai majingina a inuwa, don tsoho ba ya jure dogon layi a tsaye.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya.

Naku,
Kwamitin ci gaban mazaɓa