Takardar Koke Kan Bayar da Kwangilar Kwashe Shara da Kuɗin da Za a Ɗora wa Gidaje

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gidaje da 'yan haya da masu shaguna na unguwannin wannan ƙaramar hukuma muna gabatar da kukanmu kan shirin miƙa kwashe sharar gidaje ga ɗan kwangila, inda kowane gida zai riƙa biyan kuɗin shara duk wata. Ba ma adawa da ɗan kwangila. Juji ya cinye bakin hanya, kwata ta toshe, duk wanda zai kwashe mana muna maraba da shi. Roƙonmu shi ne kada a sa hannu a takarda sai an bayyana yadda aka lissafa kuɗin, wa zai biya nawa, da abin da zai biyo baya ranar da mota ba ta zo ba.

Mun kawo kukan gabanka ne domin hurumin naka ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, dokar haraji ta 1998 kuma ta jero kuɗin shara cikin kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke karɓa. Ɗan kwangila aro aka ba shi, nauyin yana wuyan hukuma. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a na sa ran wani kaso na kuɗin wata zai shiga tsaftar gari, ba a juye dukkan kayan a kan talaka ba.

Babban abin da ya fi damun mu shi ne kuɗin bai-ɗaya, wato a ƙidaya ƙofa a yanka wa kowace ƙofa farashi guda. Ƙofa ba ta yin shara, mutane ke yi. Ƙiyasin Bankin Duniya na 2018 ya nuna ɗan Najeriya na fitar da kusan rabin kilo na shara a rana. A kan wannan ma'auni, gwauruwa da 'ya'yanta biyu za su fitar da kilo 45 a wata, gidan mutum goma kilo 150, gidan haya mai mutum arba'in kuwa kilo 600. Dukkansu ƙofa ɗaya ce da su. Idan aka caje su daidai, gwauruwar ce ke biya wa mai gidan haya. Haka kuma ba a haɗa gida da gidan abinci, ko gidan biredi, ko mai sayar da ruwan leda, ko wurin biki. A Legas, inda 'yan kwangila suka daɗe suna wannan aiki, kuɗin ɗaki daban ne da na fulat, na fulat daban da na babban gida, na wurin kasuwanci kuma daban. Muna roƙon a yi rukuni aƙalla huɗu, masu unguwanni da duba-gari su bi gida-gida su tantance, a kuma ware gidajen marayu da gajiyayyu ƙaramar hukuma ta ɗauke musu.

Sai lissafin kansa, wanda ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Ana duba sawu nawa mota za ta yi a rana, nisan unguwa zuwa babban juji, da litar man gas da kowane sawu ke sha. A ɗora albashin direba da 'yan lodi, wanda bai kamata ya gaza mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. A ƙara taya, juyen mai, gyara, safar hannu da takalmin roba, kuɗin tura shara a juji, da ribar ɗan kwangila. Jimillar sai a raba ta da yawan gidajen da ke biya. A wannan rabawar ta ƙarshe ne ake samun matsala. Idan an yi lissafi da gida dubu amma ɗari biyar suka biya, motar ba ta rage shan mai ba, don haka ko dai a ninka wa masu biya kuɗi ko a rage zuwa. Da an ninka wasu za su janye, da an rage zuwa ma wasu za su janye. Wanda ya janye kuwa ba ya daina yin shara: ko ya cinna mata wuta a bayan katanga hayaƙin leda ya shiga ɗakunan maƙwabta, ko ya ba yaro ya juye a kwalbati bayan isha'i. Ruwan Agusta na farko mai ƙarfi zai dawo da ita tsakar gida, ga ambaliya ga amai da gudawa. Kuɗi kaɗan da kowa zai iya biya ya fi tara wa ɗan kwangila abin kirki a kan kuɗi mai yawa da rabin gari zai gudu ya bari.

Ranka ya daɗe, a duba irin sharar tamu kafin a zaɓi mota. Sharar gidan Bahaushe toka ce da ƙasar da tsintsiya ta taro, da kashin awaki, da ɓawon kayan miya, sai leda. Nauyi ne da ita, kuma ƙasa ba ta matsuwa. Babbar motar nan mai matse shara an ƙera ta ne don takardu da kwalaye, a kan titi mai kwalta. Yashi na cinye mata ƙarfe, kayan gyaranta daga waje suke, kuma ba ta shiga lungun da mutum biyu ke gogar kafaɗa. Idan ɗan kwangila ya sayo ta, kuɗinta a kanmu zai dawo, sannan mazauna lungu su sake biyan mai baro ya kai musu bakin titi. An biya sau biyu ke nan a kan shara ɗaya, ga kuma kuɗin gida da ake karɓa tun da can. Abin da ya dace da garinmu shi ne baro da kura da keke mai ƙafa uku su bi lungu su tara a matattara, tifa ta zo ta ɗauka daga can. Matattarar a dabe ta da siminti, a yi mata katanga ta gefe uku, a nesanta ta da rijiya da makaranta da masallaci, kada kuma shara ta kwana biyu a cikinta. Masu baron da ke cin abinci da wannan sana'a a yi musu rajista a ɗauke su, kada a kore su. 'Yan jari-bola su ware ƙarfe da roba, manoman bayan gari kuwa tun kaka da kakanni suna ɗibar takin birni zuwa gona. Duk abin da aka rage kafin tifa ta tashi, man gas aka rage, ya kamata kuma a ga ragin a rasidinmu.

Akwai darasi a wasu wurare. A 2017 Legas ta karɓe sharar gidaje daga hannun ƙananan 'yan kwangila ta damƙa wa babban kamfani ɗaya, shara ta taru a tituna, daga baya aka dawo da na da. A Kano ma an miƙa aikin ga kamfani a 2021, aka soke yarjejeniyar a 2022. Saboda haka muna roƙon kada a ba mutum ɗaya dukkan ƙaramar hukuma. A raba ta shiyya-shiyya, a tallata neman masu sha'awa a fili, a buɗe takardunsu a gaban kansiloli da wakilan Hakimi, a ga motocinsu da ido suna tafiya, ba a hoto ba. Wa'adin farko kada ya wuce shekara biyu.

Da zarar an keɓe wa mutum shiyya, magidanci ba shi da wani wurin zuwa, don haka farashi dole ya zauna a rubuce cikin yarjejeniya. Kada a taɓa shi sai sau ɗaya a shekara, da amincewar majalisar kansiloli, bayan sanarwar wata guda. Idan za a ƙara saboda tsadar man gas, a ƙara a kan kason man kawai, ba a kan jimilla ba, in kuma mai ya sauko kuɗin ya sauko. A rubuta ranakun zuwa, aƙalla sau biyu a mako, sau uku da damina. Kowane gida a ba shi kati, ɗan lodi ya sa alama duk ranar da ya ɗauka, mai unguwa ya riƙe kwafi. Makon da ba a zo ba a zare kuɗinsa daga na wata mai zuwa. Biya ya zama bayan aiki, ta asusun banki ko kuma da rasidi mai lamba da hatimin ƙaramar hukuma, kada a turo matasa su tsaya a ƙofar gidan matan aure suna buga ƙyaure. A gidan haya kuma a fayyace tun yanzu ko mai gida ne zai biya ko 'yan haya, don kada a karɓa a wurin duka biyun.

Muna roƙon a kira taro a ƙofar Hakimi kafin sa hannu, a karanta daftarin yarjejeniyar da Hausa, a liƙa jadawalin farashi a sakatariya da ƙofar kowane mai unguwa. Sunayenmu da sa hannunmu na haɗe da wannan takarda, unguwa-unguwa.

Allah ya taimaki Shugaba, ya yi riƙo da hannunsa.

Mu ne naka,
Masu gidaje, 'yan haya da masu shaguna na unguwannin wannan ƙaramar hukuma.