Godiya Ga Cibiyar Da Ke Koyar Da Iyaye Tarbiyya Ta Waya

Assalamu alaikum.

Na rubuto daga Agege domin in gode wa ma'aikatanku a bainar jama'a, musamman malamar da kuka haɗa ni da ita.

Ɗana mai shekara 6 ya kai ga idan aka hana shi abu sai ya zube yana birgima, ya ciji ƙanwarsa, ya yi jifa da abin da hannunsa ya kai. A gidan haya kowa likita ne: wannan ta ce sangarta ce, waccan ta ce bulala ce ta yi kaɗan, wata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Na sha cunkoso a motar haya ta danfo na kai shi wani wuri, aka karɓi kuɗin kati, aka shanya mu a benci har la'asar, sannan aka sallame mu da Turancin da ba wanda ya damu ko na gane.

Malamarku kuwa da Hausa ta gaishe ni, ta ce, "Maman yara, ina gajiya?" Ta sa na jingina wayar da fulas ɗin shayi, ta kalli cin abincin darenmu ta bidiyo, sannan ta nuna mini cikin ladabi cewa yaron ba ya jin sunansa a bakina sai ya yi laifi. Ta koya mini in ware masa minti 5 kullum mu yi wasan da ya zaɓa, in tsuguna in ba shi umarni ɗaya gajere, in kuma yaba masa nan take tare da faɗin abin da ya yi daidai. Ta gargaɗe ni cewa rigimar kan ƙaru da farko kafin ta lafa, haka kuwa aka yi, kuma ba don gargaɗin ba da na watsar. Yanzu cizon ya ragu ƙwarai.

Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, ana ta cewa a daina duka, amma da wuya a sami ofishin da zai zaunar da uwa ya nuna mata abin da za ta yi maimakon bulalar. Yawancinsu sai sun dubi suturarki kafin su amsa gaisuwa.

Roƙona shi ne ku ƙara darussan murya da Hausa, domin mata da yawa a Agege da Idi-Araba ba sa karatun boko.

Allah Ya saka da alheri.

Wata uwa, Agege, Legas