A Shigar Da Kuratan Kwana-Kwana Cikin Wuta Kafin A Yaye Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan horon 'yan kwana-kwana, aikin da na yi har na yi ritaya, ƙarshensa kuma ina horar da kurata.

Duk sanda aka yi babbar gobara, ƙorafin ɗaya ne: motoci sun yi kaɗan, ruwa ya ƙare, an zo a makare. Ban musa ba. Amma da wuya ka ji an tambayi irin horon da aka ba yaron da ke riƙe da bakin tiyo. Sai a yaye kurtu ya iya fareti tsaf, ya haddace rabe-raben gobara, ya iya naɗe tiyo da kafa tsani, amma bai taɓa durƙusawa a ɗakin da ke ci da wuta ba. Ranar da zai fara jin zafi yana ratsa safar hannunsa, ita ce ranar da ake ihu akwai yara a ciki. An cuce shi, an cuci yaran.

Horon da nake nufi ga yadda yake. Kwantena ce ta ƙarfe, irin ta dakon kaya. A jera falankai a ƙuryarta, a kunna musu wuta, kurata su durƙusa a baya cikin cikakkun kayan aiki, kowa da silindar iska a bayansa. Da farko ba a fesa komai, kallo kawai ake yi. Hayaƙi zai taru a sama ya yi ta saukowa, har ka ga iyakarsa a miƙe, iska mai kyau tana shigowa ta ƙasa. Falankin da wuta ba ta taɓa ba sai ya soma fitar da farin hayaƙi don zafi kaɗai. Can sai harsunan wuta su fara yawo a cikin hayaƙin, a saman kanka, ba su jingina da komai ba. A nan ne kurtu yake ganewa da idonsa cewa hayaƙi shi kansa makamashi ne. Idan zafin sama ya doshi digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, duk abin da ke ɗakin yana iya kamawa lokaci guda, kuma babu rigar da za ta cece ka a ciki.

Sannan a miƙa masa bakin tiyo. Sabon shiga so yake ya buɗe ruwa gaba ɗaya, don tsoro. Sai a koya masa feshi gajere-gajere zuwa cikin hayaƙin sama, ya tsaya ya ga abin da ya canza. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700. Wanda ya zuba shi ba lissafi a rufaffen ɗaki, kansa da abokan aikinsa zai turara. Da an ɗanɗani tururin nan sau ɗaya a wuya, ba a sake buƙatar lacca. Haka ma ƙofa. Ɗakin da wuta ta cinye iskarsa yakan yi lamo, tagogi sun yi baƙi, hayaƙi yana fita yana komawa ta ƙarƙashin ƙofa. Ka banko ta, ka ba wutar abin da take jira.

Mutanen Suwidin ne suka ɗauki wannan hanya da gaske a shekarun 1980, bisa aikin injiniyoyin gobara biyu, Krister Giselsson da Mats Rosander. Birtaniya ta ƙara ƙaimi bayan 1996, lokacin da 'yan kwana-kwana biyu suka rasu a wani gida a Blaina da ke Wales, wuta ta rufe su suna neman yaro. Yanzu ma abin ya fi matsuwa, domin kayan ɗaki sun canza. Cibiyar UL ta Amurka, mai gwajin ingancin kayayyaki, ta ƙona ɗakuna biyu don gwaji: mai kayan da, na auduga da katako, ya kai kusan minti 30 kafin ya kama gaba ɗaya, mai kujerun soso da roba bai kai minti 5 ba. Wanda ya koyi wuta a bakin tsofaffi irinmu kawai, wutar jiya ya koya.

Rabi na biyu na horon shi ne fita da rai, kuma shi aka fi sakaci da shi. A rufe gilashin fuskar kurtu ruf, a juya shi, a sake shi a ɗaki mai shinge da wayoyi. Ya lalubo tiyo, ya shafa mahaɗinsa da safar hannu ya gane wane gefe ne ke komawa mota. Ya koyi sassauta silinda ya ratsa ƙaramar kafa ba tare da ya cire abin fuska ba. Ya san cewa silindar da aka rubuta wa minti 30 ba ta kai haka ga mai aiki yana haki, don haka tun da sauran iska ake juyawa, ba sai ƙararrawar silinda ta kaɗa ba. A 1999, 'yan kwana-kwana shida suka mutu a wani tsohon ginin ajiyar kayan sanyi a Worcester ta Amurka: biyu suka ɓace a cikin hayaƙi, sauran suka bi su nema.

Mafi wuya a koyar shi ne neman agaji da wuri. Matashi gani yake abin kunya ne ya danna oba-oba ya ce ya ɓata, sai ya yi ta kewaya har iska ta ƙare. Dole a maimaita masa har bakinsa ya saba: wane ne ni, ina nake, me ya faru, iska nawa ta rage. Bayan mutuwar wani jami'insu a 2001, hukumar kashe gobara ta birnin Phoenix a Amurka ta yi atisaye da yawa, ta gano cewa fitar da ɗan kwana-kwana ɗaya da ya maƙale yakan buƙaci mutum kusan 12. Jinkirin mutum ɗaya kenan yana jawo rayuka da yawa cikin haɗari.

Ban ce a tara tayoyi a watsa fetur a tura yara ciki ba. Wannan ganganci ne, kuma ya kashe mutane. Mutuwar wasu 'yan kwana-kwana biyu a wurin horo a Boulder ta Amurka a 1982 ce ta haifar da ƙa'idar horo da wuta ta gaske, wato NFPA 1403, a 1986: a san abin da ake ƙonawa, a tanadi tiyo na biyu da ruwansa daban, a naɗa jami'in da ke da ikon tsayar da komai, kuma ba a sa mutum mai rai ya kwanta a matsayin wanda za a ceto. Malamin da ke alfahari da narkakkiyar hular kwano, ni dai ba zan ba shi kurtu ba.

Roƙona ga wakilanku: in an gayyace su bikin yaye kurata, bayan hoton fareti su tambayi shugaban makaranta sau nawa kowane ɗalibi ya shiga wuta ta gaske da silinda a bayansa, da kuma yaushe za a dawo da shi ya sake. Su buga amsar yadda aka ba su.

Naku,
Tsohon ɗan kwana-kwana mai ritaya